Watannin da Ban Karya Kwana Hagu Ba

Babu daular da ta taɓa rushewa a duniya, daga Rum har zuwa ƙananan sarautun bakin Binuwai, face da wata 'yar ƙara ta fara, wadda wani mai hankali ya ji ya ce a bari sai gobe. Na shafe ƙuruciyata da rabin tsufana ina karantar da tarihi a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, kuma wannan ne kaɗai darasin da zan iya dafa littafi a kansa, domin ni ma na ji tawa ƙarar, a ƙarƙashin wata mota ruwan toka. Ina rubuta wannan babi ne saboda na san abin da kuka tashi kuna ji a gidajen dangi, cewa akwai lokacin da boko ya hau wa ubanku kai har ya daina zuwa gaida yayansa. Gaskiya ne na yi watanni ban je ba. Amma masu ba da labarin ba su taɓa leƙa ƙarƙashin motar ba, ni kuwa na kwanta a can har na san ta fiye da rufin ɗakina.

Baffanku Alhaji Mamuda shi ya raine ni, domin mahaifinmu ya rasu ina tatata. Mu jikokin fataken Kano ne da suka zo da goro da tufafi suka ga wuri suka zauna, kuma a gidanmu ba a san wata sana'a ba sai saye da sayarwa. Yaya ya fara da yaron mota a manyan motocin da ke jigilar auduga, ya zama direba, ya mallaki tasa, daga baya ya sauka ya buɗe shago. Shi ne ya sa ni lekol, wato makarantar boko, dangi suna ta yi masa surutu. Da gwamnati ta gaji da yawo da ni tsakanin Maiganga da wasu garuruwan da ko taswira ba ta damu da su ba, ta dawo da ni gida, sai wata Juma'a ya kira ni gaban majalisarsa ya miƙo mini makullin motar da yake hawa.

"Alhaji, da ka fara gwada shi da keke," in ji Alhaji Ɗanjuma, abokinsa mai sayar da atamfa, wanda bai taɓa yafe mini sa wandon Turawa ba. "Malamin lekol alli kaɗai ya iya riƙewa, shi ma a hannunsa yake karyewa."

"Ni na raine shi," Yaya ya ce. "Zai riƙe ta."

Sannan ya juyo gare ni.

"Auta, ni da kunne nake duba mota. Duk Juma'ar da ka shigo lungun nan zan saurare ta. Ranar da na ji tana kuka a hannunka, ranar zan san Ɗanjuma ya fi ni saninka."

Aka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar ɗalibin da aka kira gaban allo. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in ja motar zuwa gidansa, mu ci tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, ya zagaya motar sau ɗaya yana shafa ta kamar mai taya saniya, ya ce madalla. Sai ku tuna yadda lungun gidan yake kafin a zuba masa kwalta. Ƙofa ɗaya gare shi, ba ya ɓullewa, kuma a ƙarshensa yana karyawa hagu sosai, a kan wani kwazazzabon da ruwa ya ci, daidai gaban dakalin da Yaya yake zama. Duk wanda zai je gidan da mota sai ya murza sitiyari hagu har ƙarshe, a gaban kunnen mai gida.

Shekarar da nake magana ita ce wadda aka rage mana albashi har sau biyu, sannan aka bi mu da karya darajar kuɗinmu sefa, don kada wani ya ce an yi aiki rabi. Abokan aikina suna sayar da rediyo da firji, wasu in an tashi daga aji su hau babur su yi haya, suna addu'a kada su ɗauki uban ɗalibinsu. A cikin wannan yanayi, da damina ta ɗauke, wata safiya ina karya kwana hagu kusa da babbar kasuwa na ji wani abu daga ƙasa ya ce ƙum, kamar an saki taɓarya a turmin da ba komai. Na ce jak ne ke yawo a but. Na fitar da jak, na fitar da safaya, na fitar da takardun jarrabawar da na manta da su tun zangon baya. Na sake karya hagu, ta ce ƙum. Na karya dama, shiru. Na miƙe, shiru. Hagu kaɗai take ƙi, kamar wasu gwamnatoci.

Juma'ar farko na aika cewa muna taron malamai. Ta biyu na ce gyaran takardu. Na koma yin sallar Juma'a a masallacin da ke kusa da makaranta. Za ku ce me ya hana ni tafiya da ƙafa, domin ku 'yan zamani ne, kuna zaton ƙafa abin tafiya ce kawai. A shekarar da malamai ke sayar da kayan ɗakinsu, mutumin da aka ba mota a bainar jama'a in ya shigo lungun a ƙasa, ya riga ya yi sanarwa cewa ya sayar da ita, kuma Alhaji Ɗanjuma zai kai sanarwar kasuwa kafin la'asar. In kuma na je da ita, Yaya zai ji. Sauran 'yan majalisar ba su dame ni ba, 'yan atamfa ne, in suna musu ko jirgi ya sauka a kansu ba za su waiga ba. Kunne ɗaya nake tsoro a duk faɗin Garwa. Na ce wa kaina mako guda ne, in gyara ta in je, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na kai ta wurin Metir Hamadu, wani Bafillatani mai gareji a gindin bishiya a hanyar Pitowa. Muna magana da shi da harsuna uku, Hausa da Fillanci da Faransanci, kuma duka ukun ba su ishe mu kwatanta ƙarar ba.

"In ka yi hagu take yi, Misye?"

"Hagu kaɗai."

"To ciwon na hagu ne."

Na yarda nan take, domin maganar ta yi kama da ilimi. Ya danna gaban motar ta ɓangaren hagu, ya sake ta, ya ce amortisa ce ta gaji, wato abin da ke shanye girgizar hanya. Aka canja ta, na fita daga garejin ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. A kwanar farko ta ce ƙum. Na koma. Wannan karon ya ce kardan ne, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba, kuma na hagu. Sai dai a lokacin masu kayan mota sun ji ƙishin-ƙishin abin da za a yi wa sefa, sun kwashe kayansu daga kanta sun ɓoye, kowa ka tambaya ya ce ya ƙare. Aka ce sai wani direba ya je Yola ya zo da shi. Direban ya tafi, ya yi aure a can ko me, Allah masani.

A watannin nan na zama masanin Garwa ta ɓangaren dama. Na gano cewa in mutum ya karya dama sau uku ya isa inda hagu ɗaya za ta kai shi, sai dai ya isa a makare, man da ke tankinsa ya ragu. Na bi ta unguwannin da ban san da su ba, na san kowane mai shayi da kowace akuyar da ke kwana a tsakiyar hanya. Ina cikin aji ina bayanin faɗuwar wata daula sai in ji ƙum a cikin kaina, in tsaya da alli a sama har yara su fara kallon juna. Ban iya zama wuri ɗaya. In na dawo gida in zagaya motar, in shiga ɗaki, in fito in sake zagaya ta. Na kafa doka cewa kada a yi maganar ƙarar a gidan, kuma kada ta fita waje. Mahaifiyarku ita ke zuwa gidan Yaya da ƙafarta, ta shige cikin gida wurin matarsa Hajiya Kande, ta dawo da kwano da saƙo.

"Hajiya ta ce in tambaye ka ko ka yi sabuwar uwa ne a gari."

"Ki ce aiki ne."

"Na ce aiki ne har bakina ya gaji, Malam. Aikin da ba a biya, shi ne kuma ya hana ka zumunci?"

"Dije, akwai abin da mace ba za ta gane ba."

"Akwai. Ban gane yadda mutum mai gemu yake ɓuya wa yayansa saboda ƙarfe ba."

Ana haka sai ga Salisu, babban ɗan Yaya, ya zo da goro a ƙunshe. An tsayar da ɗaurin aurensa kafin azumi. Kun san al'adarmu, uba ba ya karɓa wa ɗansa aure da bakinsa in yana da ƙane a raye. Ƙanen ne ke zama wakili, shi ke zama gaban malamai ya ce muna nema wa ɗanmu, shi ake ba, kuma duk garin ta nan yake gane wane ne na biyu a gida. Tun Salisu yana goye na san wannan kujerar tawa ce. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta kallon ƙasa.

"Baffa, Baba ya ce yana jiranka Juma'ar nan. Ya ce a ranar za a faɗi wanda zai karɓi auren."

"Ya ce wani abu kuma?"

"Bai cika magana ba kwanan nan."

"Ka ce masa ina tafe, in Allah ya yarda."

Kuma na tafi, wannan ina so ku riƙe shi, domin ba ya cikin labarin da ake ba ku. Na sa babbar rigata, na hau motar, na bi ta damata har na iso bakin lungun. Na tsaya inji na aiki. Daga nan ina hango reshen dalbejiyar ƙofar gidan, ina jin muryar Alhaji Ɗanjuma tana tashi. Na yi tunanin in shiga a hankali kamar mai rakiyar gawa, amma na riga na gwada, a hankali ma tana yi, sai dai ta yi shi dalla-dalla. Na yi tunanin in bar ta a bakin lungu in ƙarasa da ƙafa, sai na tuna Yaya zai ce a shigo da ita ya gani. Wani mai kura ya tsaya a bayana yana jira in ba shi hanya. Na ce a raina, mutumin da ya tsaya gaban abokansa ya ce zai riƙe ta, gara ya yi fushi da ni mako guda a kan ya ji kunya a dakalinsa. Na sa giyar baya. Har yau ina ganin hujjar ba ta da aibu, in aka duba ta a matsayin hujja.

Ranar Lahadi mahaifiyarku ta ce sai na kai ta Pitowa barkar haihuwa. Ta dama kunun kanwa ta zuba a tukunya, ta shiga gaba ta ɗora a cinya. Hanyar Pitowa ba ta san dokata ba, tana da kwanar hagu da ba yadda za a kauce mata. Ina shiga kwanar motar ta ce ƙum, kunun kuma ya tuttulo ya wanke mata hannun dama da ƙofar mota.

"Ka gani ko, ka ƙona ni. Ga wannan abin kuma yana ta dukana a tafin ƙafa."

"A ƙafarki kike jin sa?"

"Tun yaushe."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba kai ka ce kada a yi maganarsa ba?"

Na gangara gefen hanya na tsaya ina kallon kunun da ke bin ƙofar. Hagu na karya, kunu ya tafi dama. Abin da kowane ɗan aji uku ya sani ne, in mota ta karya hagu nauyinta kan tayar dama yake komawa. Ashe ni da Metir Hamadu mun yi watanni muna jinyar ƙafar da ba ta ciwo. Ban bari ta gama barkar da kyau ba. Muka dawo na wuce filin ƙwallon makaranta, na sa ta zauna a gaba, na yi ta zagaye hagu, tagogi a buɗe, kamar jakin da ke jan injin rake, tana cewa ga shi, ga shi kuma. Sannan na sa jak na ɗaga tayar gaba ta dama, na kama ta da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa na girgiza. Ta yi lako-lako, ta ce ƙum a hannuna, a hankali, kamar mai neman gafara. Na kwanta a ƙasa da rigar fita na leƙa. Akwai wata gaɓa da ke riƙe tayar daga ƙasa, makanikai na ce mata rotil, dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin kofi kamar ƙashin ƙugu. Robar da ke rufe ta ta yage, giris ya tsiyaye, yashin damina ya shiga ya cinye ta.

Da na nuna wa Metir Hamadu, ya girgiza tayar shi ma, ya ɗago ya dube ni.

"Misye, da wannan kake yawo da iyali? In ta fita daga kofin nan kana gudu, tayar naɗewa za ta yi."

"Kai ka ce hagu."

"Kai ma ka ce hagu. Kai ne kuma ka yi karatu."

Ba a je Yola ba. A wurin masu farfasa matattun motoci ya samo wata mai sauran rai, ya ɗaura ta kafin shayin da ya ɗora ya huce. Na fita na karya hagu, na sake karyawa, na yi ta karya hagu a gari kamar wanda aka sako daga kurkuku, ba abin da nake ji sai iska.

Juma'a na shiga lungun. Na murza sitiyari har ƙarshe a kan kwazazzabon, motar ta wuce shiru kamar kwale-kwale. Yaya na zaune a dakali da carbi, ya rame kaɗan. Ya bi motar da ido har na tsaya, amma bai tashi ya zagaya ta ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Alhaji Ɗanjuma ne ya yi maganar.

"A'a, Misye, ashe kana gari. Ka zo a daidai. Gobe in an ɗaura sai ka tsaya a bayana, in na manta sunan amarya ka tuna mini."

Haka na ji cewa shi aka ba wakilcin. Na ce Allah ya sanya alheri, kuma muryata ba ta yi rawa ba, shekarun tsayuwa gaban yara sun yi amfani. Da majalisa ta watse na bi Yaya cikin zaure, muka zauna mu biyu. A nan na faɗa masa komai. Na fara daga kwanar kasuwa, na bi ta amortisa da kardan da direban Yola, na kawo mai kura, na kawo kunu. Na ce masa ban guje shi don raini ba, na guje shi ne don maganar da ya faɗa a gaban mutane ta fi ƙarfin in bari ta faɗi ƙasa. A duk rayuwata ta koyarwa ban taɓa tsara jawabi irin wannan ba, har ni kaina idona ya ciko. Yana kallon fuskata yana gyaɗa kai. Da na yi shiru ya dafa kafaɗata.

"To madalla, Auta. Shiga ka ci abinci."

Na shiga cikin gida da sauƙi a ƙirjina. Kujerar ta tafi, amma dai ya san dalili. Hajiya Kande na tsakar gida tana ƙulla kayan biki. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji tun ina yaro.

"Mijina na boko, ka tuna hanya? Wa kake yi wa wa'azi a zaure tun ɗazu?"

"Yaya nake ba haƙuri. Na gaya masa abin da ya hana ni zuwa."

"Me ya ce?"

"Ya ce madalla."

"Mai ruwa ma in ya kawo, madalla yake ce masa."

Ta ajiye abin da ke hannunta, ta dubi ƙofar zaure, ta rage murya. Ta ce abin da za ta faɗa mini daga ita sai Salisu suka sani, domin mai gida ya yi rantsuwa a kan kada ya kai kasuwa, mutane su fara cutarsa a ciniki. Shi ya sa Salisu ke zama kusa da shi a shago, shi ya sa ya riƙe carbi a majalisa aka ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru. Ta ce ya so in zo ne ya gaya mini da bakinsa, don in riƙa tsaya masa a gaban mutane.

Yaya ya kurumce tun zazzaɓin da ya kwantar da shi a ƙarshen damina, kafin motar ta yi ƙararta ta farko.